Ranar da Iya Sharifa Ta Kai Jannatu Dashe

A Gagarawa in ka ce Sharifa, sai an tsaya an yi tunani. Ka ce Iyan Yaye, ko ɗan acaɓa zai kai ka har ƙofar gidanta. Goggon maigidana ce, amma shi ma Iya yake ce mata kamar kowa. Gajeruwar tsohuwa ce, ba ta da jiki, daddawa take yi tana kaiwa kasuwa, ga baki, wane mutum. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta Malam Cindo kuma ya daɗe da rasuwa. Amma sama da shekara talatin ke nan, duk macen da ta tashi yaye a dangi ko a unguwa, gidan Iya ake kai yaron ya yi sati biyu har ya manta da nono. Waɗanda ta yaye wasu har sun tara gemu. Akwai wani direban motar Gumel da har yau in ta gan shi sai ta tuna masa, a gaban fasinjoji, yadda ya kwana uku yana tsotson bakin zaninta.

Abu ɗaya take alfahari da shi: ba a taɓa karɓe yaro daga hannunta an mayar da shi kan nono ba. Ba ta kuma yarda da shafa maɗaci ko tsorata yaro da dodo. In yaro ya yi taurin kai, Dashe take kai shi.

Dashe shi ne dogon layin darbejiyar nan da ke arewa da gari, wanda aka dasa tun Iya tana amarya don ya tare rairayi. Malam Cindo yana cikin leburorin da suka haƙa ramukan, ita kuma tana cikin matan da suka yi ta jido ruwa a tulu suna ba tsirran. Ta ce rani biyu ta yi tana wannan aikin har gashin tsakiyar kanta ya ƙare, in kuwa ka yi musu sai ta zame ɗankwali ta nuna maka.

Ni malamar firamare ce a Gumel. Jannatu ce 'yata ta fari, watanta ashirin lokacin da na gane ina da wani cikin. Jiri ya sa ni gaba, a asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa, in daina shayarwa. To ita kuma baiwar Allahn nan ba ta san wani abinci ba sai nono. Kunu ta tofar, tuwo ta watsar, shayi ma sai ta ga dama. Ranar Laraba Abbanta ya ɗauke ta ya kai wa Iya, ni kuwa na daure fuska kamar ba komai, don kar a ce na zaƙe a kan 'yar fari.

Ranar Juma'a da yamma ya kira maƙwabciyar Iya a waya. Ta ce ban da ruwa yarinyar ba ta sa komai a bakinta ba, kuka har muryarta ta dushe. Ya ajiye wayar ya ce in har gobe la'asar ba ta ci ba, zai je ya ɗauko ta, komai zai faru ya faru. Na san me hakan yake nufi. In ta dawo ba zan iya hana ta nono ba, jikina kuma ba zai ɗauki biyu ba.

Doka ce, uwa ba ta leƙa gidan yaye. In yaro ya gan ta, ko ya ji ƙamshinta, aiki ya koma baya. Na san wannan sarai. Amma Asabar da sassafe na ce wa maigidana zan je dubiyar wata malamarmu, na yafa mayafi na nufi tasha, na shiga motar Gagarawa. Allah ya yafe min ƙaryar, ban ma iya ta ba.

Da na sauka na raɓe a zauren maƙwabtan Iya. Da hantsi sai ga su sun fito. Iya da ƙwarya a ka an rufe da faifai, da buta a hannu, babu zanin goyo. Jannatu tana bayanta da 'yar rigarta da takalmin roba, idanu sun kumbura, wuya ya zama siriri. Ta tsaya a ƙofar gida ta ɗaga hannuwa sama tana so a ɗauke ta.

Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ƙawata, bayana ya tsufa. Ƙafa biyu gare ni, ƙafa biyu gare ki. In za ki, zo mu je."

Ta juya ta kama hanya abinta. A raina na ce wannan tsohuwa ba ta da imani. Ta yi taku kamar goma ta tsaya tana kallon sama, sai ka ce hadari take nema a watan kaka. Jannatu ta yi ta bubbuga ƙafa, ta ga ba mai kula ta, sai ta bi ta, tana tafe tana jan majina.

Tafiyar da babba zai yi a minti goma, sai da suka fi awa suna yin ta. Ni ina biye daga nesa, daga bayan wannan danga zuwa bayan wancan rumbu, malama guda da ɗalibai, ina sanɗa kamar ɓarauniyar kaji. Iya ba ta riƙe mata hannu ba, ba ta kuma ce mata yi sauri ba ko sau ɗaya. Inda yarinya ta tsaya, nan take tsayawa. Suka tsaya a kan wata akuya da 'ya'yanta biyu. Suka tsuguna a kan layin tururuwa, Iya tana ba ta labarin wai kasuwar Maigatari za su, sun makara. An yanke gero an ɗaure dammuna, riɗi yana tsaye a gonaki, zoɓo ya yi ja. Jannatu ta ciro wani busasshen kara ya fi ta tsawo, ta riƙa jan sa a ƙasa. Ban san lokacin da kukan ya tsaya ba, sai dai na lura babu shi.

Ƙarangiya ta kama mata riga ta soke ta a ƙauri. Ta buɗe baki za ta fasa ihu, Iya ta riga ta, ta ɗaga nata zanin ta nuna mata ita ma ta kwaso, ta hau yi wa ƙarangiyar faɗa kamar wata mutum. Yarinya ta saki baki tana kallo. Iya ta cire nata ɗaya, ta cire na Jannatu ɗaya, a haka har suka gama.

Da suka shiga Dashe sai iska ta canza. Inuwa ce mai sanyi, ƙasa ta yi laushi da busasshen ganye, kurciyoyi suna ta kuka a sama. Jannatu ba ta taɓa ganin bishiyoyi da yawa haka ba, a Gumel iyakarta tsakar gida da bayana. Ta ɗaga kai tana kallo har ta zauna daɓas. Ta tashi ta je ta rungumi wata bishiya, ta sake ta, ta je ta taɓa ta gaba. Iya tana biye tana gaya mata wace ce wace: wannan ita ta ba ta ruwa, waccan ta mutu sau biyu aka sake dasawa, wancan gurbin kuma wani marar tsoron Allah ne ya sare.

Akwai wani ɗan tudun rairayi a tsakiya, bai kai ƙugun mutum ba. Jannatu ta ce sai ta hau. Ta hau da hannu da gwiwa, ta zame, ta sake hawa. A karo na uku ta kai sama, ta miƙe tsaye tana dariya, sai ƙafarta ta goce ta gangaro ta kifa da fuska.

Na riga na fito daga bayan bishiyar da nake, ƙafata ɗaya a waje. Ta ɗago da rairayi a baki, ta waiwaya hagu da dama, ta buɗe murya ta ce, "Iya."

Ba ni ta kira ba. Na mayar da ƙafata. Abin ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba.

Iya ba ta ruga ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta tsuguna daga inda take ta ce, "Taso, ƙasa ce, ba ta cizo." Yarinya ta yunƙura ta tashi da kanta ta je. Iya ta wanke mata fuska da ruwan buta, ta busa mata ido, ta ce ta ga jarumai amma ba ta ga kamar wannan ba.

Daga nan ta sami gindin bishiya ta miƙe ƙafafu. Ta wanke hannu, ta buɗe faifai: fura ce da nono. Ta dama a nitse, ta yi bismilla, ta kai ludayi bakinta. Ta sha tana lumshe ido tana tanɗe baki, har ni daga nesa ina jin ƙarar. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba. Ni da na yi wata uku ina bin Jannatu da cokali ina roƙo, ina rawa, ina waƙa, na tsaya ina kallon ikon Allah.

Jannatu ta matso. Iya ta ɗan juya mata baya ta ce, "A'a, wannan tawa ce. Ke ai ba kya sha."

Ta zagayo ta gaba. Iya ta sake juyawa. Jannatu ta kama ludayin da hannu biyu tana ja, Iya tana ja, tana cewa jama'a ku zo ku ga fashi da rana tsaka. Can ta sakar mata. Rabi ya zube a riga, rabi ya shiga ciki. Ta miƙa ludayin a ƙara. Na ƙirga har biyar, daga nan hawaye ya hana ni gani.

Sai na ji Iya ta ɗaga murya, fuskarta a kan yarinyar, tana jan maganar kamar mai yi mata wasa.

"Ke mai jan mayafi, tun daga ƙofar gida nake ganin ki. Iska ta juya, in ta jiyo ki kin ɓata min aiki. Ki bi ta bayan gonar riɗi ki kama gabanki."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Na juya zan tafi sai ta ƙara da cewa, a hankali wannan karon, "Ta sha, kin gani da idonki. Je ki ci abinci ke ma, 'yar nan."

Na bi ta bayan gonar riɗin kamar yadda ta ce. A mota na ja mayafi na rufe ƙirjina, don gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Da na isa gida na gaya wa maigidana gaskiya, sai ya tambaye ni ludayi nawa.

Da sati biyu suka cika muka je ɗauko ta tare. Ta yi kumatu, ta yi baƙi, tana cin ɗanwake da hannunta. Maƙwabciya ta ce kullum da hantsi sai sun je Dashe, yanzu Jannatu ce ma take gaba. Ta gan ni ta yi dariya ta zo ta taɓa ni, ba ta nemi nono ba. Amma da ta ga an ɗauki jakarta, sai ta koma ta cukuikuye zanin Iya.

Iya ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo min ita.

"Ungo abarki, ta cinye min gero. Kar ki riƙa goya ta kamar kayan wanki, tana da ƙafa."

Na fara godiya, ta ce daddawarta tana kan wuta, ta shige ciki da sauri, ba ta raka mu ko zaure ba. Mun kai bakin titi na tuna na bar takalmin yarinyar, na koma ni kaɗai. Babu komai a kan murhu. Iya tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta juya wa tsakar gida baya, takalman suna kan cinyarta tana kakkaɓe musu rairayi. Na tsaya jim, na fita a hankali, na ce wa maigidana mu tafi, za mu saya mata wani a Gumel.