Akwatin Amsa-kuwwa na Kaddur

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin maƙwabcina Kaddur, mai gyaran rediyo a nan Wahran. Shi ya reni ƙanensa Lahwari, makaɗin jitar lantarki. Da aka fara gayyatar Lahwari kiɗan biki, Kaddur ya ciro murɗaɗɗiyar waya daga tsohon murhun lantarki, ya ɗaure ta cikin akwatin kwano. Sautin jita in ya bi ta ciki, sai ya fito yana amsa kuwwa kamar a kogo.

Kaddur ya ce, "Rataye shi za ka yi, ban da ajiyewa a ƙasa."

"Haba Yaya! Akwati ne ko jariri?"

A kan dandamalin katako ya dire shi. Mazan da ke rawa suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka doka ƙafa lokaci guda. Wayar ta girgiza, lasifika ta yi tsawa, mata suka watse da ihu. Aka sallami makaɗi.

Lahwari ya bi gari yana cewa tarkacen yayansa ne suka kunyata shi, bai kuma sake taka shagon ba. Kaddur bai taɓa ƙaryata shi ba, har furfura ta cim masa. Kai da za ka iya wannan shirun?