Jan Fenti a Jikin 'Yar Ƙwarya

A shekarar 1976 Manu ya fara haɗuwa da Zubair, a bakin shingen kwastan na Magama, wata ranar kasuwar Jibiya. Wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya ce ta mutu a gaban shingen, ta ƙi tashi. Wani ɗan kwastan ya buɗe gabanta yana neman inji, ya tarar da tankin mai da tayar ajiya, ya ce lalle an sace injin a hanya. Manu yana saurayi a lokacin, bai daɗe da gama koyon kanikanci wajen Turawan Italiya masu aikin hanya ba. Ya zagaya bayan motar, ya ɗaga murfi, ya hure datti daga kafireto, ta tashi. Mai ita ya leƙo ta sama, wani ƙato, direban babbar mota daga Maraɗi, wanda sai ya naɗe rufin tamfol ɗin motar kafin hularsa ta sami wuri.

"Kai, ɗan Najeriya, ina ka san ta?"

"Na san uwarta, na san kakarta," in ji Manu.

Fiyat ce ƙirar Italiya, samfurin da ake kira ɗari biyar. Zubair ya saye ta hannun wani Bature mai auna hanya da zai koma gida. 'Yan tasha suka sa mata suna 'Yar Ƙwarya saboda zagayenta. Ba a jima ba Zubair ya auri Salmatu, ya yi gida a Jibiya, shi da Manu suka zama aminai. Tun ranar da aka kawo Salmatu Manu yake ce mata Amarya, ita kuma tana ce masa Injiniya don tsokana. Haka suka kira juna har furfura ta cika musu kai.

A wancan zamani ƙananan motocin Italiya ba su da wuyar gani tsakanin Katsina da Maraɗi. Malaman asibiti da akawu suna son su don ba sa shan mai. A hankali Fijo da motocin Japan suka ture su, masu gwangwan suka kwashe ragowar. Daga baya ne labari ya zo cewa a Turai akwai masu neman tsofaffin, amma sai wadda ba a taɓa ba, wadda take yadda ta fito daga masana'anta. Dillalai suka shiga ƙauyuka suna tono su daga ƙarƙashin rumfuna, kuma duk wadda aka samo, Manu ake kira ya duba.

Yana da tasa hanyar. Ba ya fara da inji. Yakan naɗe maganaɗisu a tsumma ya bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da foti, ƙullun da ake toshe lotsawar mota da shi. Yakan duba lambar da aka buga a ƙarfe ya ga ko haruffan sun jeru daidai, ya duba tambarin kusurwar kowane gilashi, ya ɗaga kujera ya ga launin da rana ba ta taɓa gani ba. Amma babban alƙalinsa babban yatsansa ne na dama. Yakan bi gefen rufi da shi, idonsa a rufe, ya ce an shafa fenti sau ɗaya ne ko sau biyu. Abin da ya faɗa shi ke nan. Dillalai sun sha jin haushinsa, amma saboda maganarsa ce masu saye na can suke yarda su aiko da kuɗi kan motar da ba su taɓa da hannu ba.

'Yar Ƙwarya kaɗai ta rage a Jibiya. Shuɗinta ya koɗe ya zama kamar sama da tsakar rana, amma na asali ne, domin Manu bai taɓa barin Zubair ya kai ta wajen mai fenti ba.

Zubair ya rasu a ƙarshen daminar 2022. Bai bar komai ba sai motar da gidan da ambaliyar 2018 ta ci rabinsa. Ɗakin da Salmatu ke kwana ya tsage tun daga tushe, an tokare bangon da itace. Ƙanenta Abbas ya zo daga Maraɗi ya ce ba zai bar yayarsa ta ƙara damina a ƙarƙashin wannan bango ba. In ba a sake gina ɗakin kafin ruwa ya sauka ba, zai zo ya tafi da ita. Salmatu ba ta son tafiya. A Jibiya kabarin mijinta yake, a nan ta binne 'ya'ya biyu. Magada suka bar mata motar, aka ce a sayar a yi ginin.

Wani dillalin Maraɗi mai suna Lawwali ya samo mai saye a Italiya, aka sa rana bayan Salmatu ta fita takaba. Mutumin zai kalli motar ta wayar Lawwali, Manu ya duba ta a gabansa.

A ranar, da safe, Manu ya shiga gidan da sallama, ya tsaya cik. Motar tana tsakar gida ja jawur, tana walƙiya, warin sabon fenti ya cika ko'ina.

"Injiniya, ka ga 'yarka?" in ji Salmatu, tana murmushin da bai gani a fuskarta ba tun rasuwar. "Akuyata na saida. Yaron da ke fentin keke napep ya yi mani ita shekaranjiya."

"Amarya, wa ya ce ki yi?"

"Sai an ce? In bari ta tahi ƙasar mutane da wagga kamar da ta koɗe? A ce matar Zubair ba ta san kunya ba?"

Manu ya zagaya motar yana kallo. Ta yi abin da kowace mace mai mutunci take yi: ba a ba baƙo abu sai an wanke shi an gyara.

Lawwali ya ja shi gefe, ya rage murya. "Baba, Bature ba ya jin wari ta waya. Ka ce masa tun can ja ce, tsohon fenti ne aka goge ya yi ƙyalli. Kai in ka faɗi, ya yarda. Ka dubi tsohuwar nan."

Manu ya dube ta. Tana share ƙurar da ta sauka a kan gilashi da bakin mayafinta.

Aka kira mutumin. Wani dattijo ne mai tabarau, yana magana da Faransanci, Lawwali yana fassarawa. Manu ya nuna masa lambar ƙarfe, ya nuna tamburan gilashi, ya tada injin ya bar shi ya saurara. Dattijon yana ta gyaɗa kai. Sannan ya yi tambaya a kan launin.

Manu ya ɗaga kujerar direba, ya ce Lawwali ya kawo wayar kusa. Shuɗin yana nan a ƙasa, fes.

"Gaya masa wannan ne launinta. Jan na shekaranjiya ne."

Dattijon ya cire tabarau. Ya ce ya gode da gaskiya, amma masu sabon fenti suna da yawa a ƙasarsu. Tsohuwar fatar yake nema. Ya katse wayar.

Salmatu ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ce, "Malam Manu, sai an jima," ta shiga ɗaki ta saki labule. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar.

Kafin ya fita, Manu ya ɗora yatsa a gefen rufin motar, bisa sabo. Sai ya ji abin da bai zata ba. Yaron ya yi gaggawa, bai goge tsohon fenti da sanfefa ba, ya fesa jan a kansa kawai. Ya sa farce a wani lungu, jan ya ɗago kamar ɓawon albasa, shuɗi ya leƙo.

Washegari bayan asuba ya dawo da reza, da tsummoki, da galan ɗin tina, ruwan nan da ake narka fenti da shi. Aikin ba na ƙarfi ba ne. In tina ta yi yawa za ta ci har shuɗin, in reza ta karkace za ta yanke shi. Sai a jiƙa wuri kamar faɗin tafin hannu, a jira, a ɗago jan a hankali, a goge. Yana da yanar ido tun tuni, don haka da yatsa yake gane inda ja ya ƙare, shuɗi ya fara. Lokacin bazara ne. Yakan zauna a kan wata 'yar kujera ƙarƙashin rumfa tun safe, tari yana tsayar da shi, ya huta ya ci gaba. Makonnin farko Salmatu ba ta ce masa uffan ba, sai dai kullum yakan tarar da kofin ruwa an rufe da faifai kusa da tayar baya.

Wata rana ta fito ta tsaya a kansa. "Kana ɓata mani akuyata," in ji ta.

"Ina ɓata ta, Amarya."

"Allah ya shirye ka, Injiniya."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Abbas ya aiko cewa yana nan tafe. Fatar yatsun Manu ta tsage, ta saɓule, ta sake fitowa da kauri kamar ta ƙafa. Ranar da ya gama ƙofar ƙarshe, ya bi gefen rufin da babban yatsansa kamar yadda ya saba. Bai ji komai ba. Ya sake bi. Da ƙarfe da itace da tsumma duk sun zama ɗaya a wurinsa. Ya sa hannun a aljihu, bai gaya wa kowa ba.

Lawwali ya sake kiran dattijon. Manu ya sa aka gaya masa duk abin da aka yi, ya nuna wurare uku da reza ta zame, da jan da ya maƙale a cikin hinjin ƙofa ya ƙi fita. Dattijon ya rage wani abu daga abin da ya yi niyya da farko, amma ya saya. Aka ɗora 'Yar Ƙwarya a bayan babbar mota aka ɗaure da igiya. Manu ya raka ta har shingen Magama, ya tsaya har ƙurar hanyar Maraɗi ta lafa. Bai ƙara duba wata mota ba. Da dillalai suka zo daga baya, ya ce ya tsufa.

Magina suka ɗaga ɗakin da bulo, aka buga kwano kafin ruwan farko. Abbas ya zo ya gani, ya kwana ɗaya, ya koma shi kaɗai.

Mutanen gari suka ce don amininsa Zubair ya yi. Akwai wannan. Amma abin da ke ran Manu duk tsawon bazarar ya wuce haka, kuma na Salmatu ne. A 1984, da aka rufe iyaka, ga fari, babu motar da ke shiga garejinsa, matarsa Zaituna tana kwance ba lafiya. Salmatu tana tuwon sayarwa a lokacin. Kullum da yamma takan aiko da kwano cike, tare da fitilar ƙwai ko tocila, wai ta lalace Injiniya ya duba. Bai taɓa samun abin da ya lalace a jikinsu ba. Yakan goge ya mayar, su ci tuwon a matsayin ladan aiki. Haka aka yi har aka buɗe iyakar.

Bayan ta tare a sabon ɗakin, Salmatu ta same shi a ƙofar gidansa da wani ƙulli a bakin zane.

"Ga na aikinka. Kada ka yi mani gardama."

"An biya ni, Amarya."

"Wa? Lawwali? Wancan ko ruwan sha ba ya ba mutum."

"Tun tuni aka biya."

Ta tsura masa ido tana neman abin da yake nufi, ya ga ba ta tuna ba. Bai tuna mata ba. Ya ce ta sayi akuya da kuɗin, ya tambaye ta ko kwanon ɗakin yana yoyo. Ta ce ko ɗigo.