Riga Mai Auduga a Gefen Hagu

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina saurayi ina ɗinki a wata 'yar rumfa a Fagge, ba nisa da hanyar tashar jirgin ƙasa. Keke ɗaya gare ni, na ƙafa, amma in ka ji yadda nake cika baki sai ka rantse ni ke yi wa duk Kano sutura. Mahaifina ya rasu ya bar ni da mahaifiyata da ƙanwata, ni ne babba.

Yaran yanzu sai na yi muku bayani. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuwa irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma haɗa ido da ni. In na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da ni, ƙanwata za ta kira, ina zaune ina ji, ta ce, "Ki ce wa telan nan a sayo itace." Ba ƙiyayya ba ce. In an raba tuwo, tsokar da ta fi kowace girma a kwanona ake tarar da ita, kuma kowa ya san wanda ya saka.

Ita ba ta sa riga. Ɗaurin ƙirji da mayafi, shi ke nan, ta ce riga ta 'yan zamani ce. To, ran nan sai ga ƙanwata a rumfa da ƙyallen atamfa, wai Inna ta ce a ɗinka mata riga mai faɗi. Wayyo daɗi! Na ce yau Inna ta gane ɗanta gwani ne. Na zauna na zuba mata ado a wuya, har da kiran maƙwabcina ya zo ya ga aiki. Ina cikin wannan rawar kai na ɗago, sai na ga ƙanwata tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ke lafiya?"

"Yaya, ba kwalliya take so ba. Ɓoyewa za ta yi. Wani ƙullutu ne ya fito mata a mama na hagu, tun kafin azumi, yanzu zanen ma in ta ɗaura ciwo yake mata. Ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba."

Gida ɗaya muke kwana, kullum ina gaishe ta tana cewa lafiya lau, ashe ana ta shafe-shafe da turare a ɗaka ban sani ba.

Na garzaya wajen baffana, ƙanin mahaifina. Ashe shi ya sani. Ya ce masu magani sun duba sun ce ciwon daji ne, kuma ya ja mini kunne: "Kada in ji ka ambaci asibiti. Daji ba ya son ƙarfe. Ko allura ce ta taɓa shi, fushi yake yi ya bazu. Ka manta matar mai kanwa ta bayan layinmu? Da ƙafarta ta shiga asibiti, aka taɓa ta da wuƙa, ba ta ga damina ba." Ban iya musu ba, domin ni ma abin da na tashi ina ji ke nan, kuma har da ni aka kai matar mai kanwa makwancinta.

Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ke zaune a Sabon Gari, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ita kuma nas ce. Ni ke ɗinka mata fararen kayan aiki da kayan zuwa coci na 'ya'yanta. Sista muke ce mata. Hausa a bakinta kamar 'yar gari, sai dai wani lokaci ta mai da namiji mace a magana, mu yi ta dariya. Da ta zo karɓar ɗinki sai ta tarar na haɗa mata hannun riga a juye. Ta dube ni ta ce, "Tela, wannan ba aikinka ba ne. Me ya faru a gida?" Ban san sa'ad da na zayyana mata komai ba.

Ba ta ce in kawo Inna asibiti ba. Tambayata ta yi, "Me mamanka take sayarwa?" Na ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Washegari sai ga ta a gidanmu da kwalba, wai ta zo sayen mai. Ta saya, ta zauna hira. Ta sake dawowa, ta kuma dawowa, har na fara tunanin gidanta da man gyaɗa suke wanka. A haka Inna ta sake da ita, har ran nan ta ja ta ɗaki ta buɗe mata.

Sista ta same ni a rumfa ta ce akwai wani likitan fiɗa, Bature, da yakan zo daga Kudu a jirgin ƙasa lokaci-lokaci, wanda wannan ciwon shi ne abin da ya ƙware a kai. Ta ce ya kusa zuwa, kuma ta shawo kan Inna a kan dubawa kawai za a yi. Aka je, ya duba. Ya ɗebi ɗan ƙanƙanin nama aka aika Kudu, domin a can ne ake da masu duba shi a madubin likita. Ni dai tunda na ji an ce ƙarfe ya taɓa wurin, abinci ya daina shiga mini. Kullum sai na tambayi ƙanwata, "Ya ƙaru?" Ta ce yana nan yadda yake.

Da sakamako ya dawo aka kira mu. A nan likitan ya yi wani kuskure da zuciya ɗaya. Ya ce a shigo da ɗanta ya zauna kusa da ita, ya ji bayani, ya riƙe mata hannu. Aka turo ni ciki. Inna tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya wa kowa baya. Likita ya yi tambaya, Sista ta fassara, shiru. Ya sake, shiru. Ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Bawan Allah ya dube mu ya tambayi Sista ko faɗa muke yi da juna.

Sista ta yi masa bayani da Turanci, na ga ya dafe goshi. Sai ya tashi da kansa ya jawo labulen nan mai ƙafa da ake kare marar lafiya da shi, ya kafa a tsakanina da Inna, ya ajiye mini kujera a baya. Ya ce da Hausarsa ta koyo, "Yi haƙuri, Mama." Sai a lokacin na ji muryarta.

Abin da ta fara tambaya shi ne maganar ƙarfe. Na zaci zai yi dariya, amma bai yi ba. Ya ce mutanenmu ba ƙarya suka gani ba, sun ga ana yanka mutum ya mutu, sai dai yawanci ba a kawo marar lafiya sai ciwon ya riga ya yi jijiya ya kai wurare, lokacin da wuƙa ba ta iya cim masa. Ya ce nata bai yi nisa haka ba. In ta yarda, zai cire maman gaba ɗaya, har da 'yan kaluluwar da ke hammata, domin ta nan ciwon yake bi ya wuce. Ya ce a ƙasarsu akwai na'urar da ake gasa ragowar ciwon da wani irin haske, amma ba ta zo nan ba tukuna, don haka hannunsa kawai yake da shi. Kuma bai ɓoye ba, ya ce ba zai yi alkawarin ciwon ba zai dawo ba. In kuwa an bar shi, zai fashe ya zama gyambo, kuma ba za ta daɗe ba.

Can sai na ji Inna ta ce wa Sista, a hankali, "Ki tambayi wanda ke bayan labulen nan. Ubansa ba ya raye, shi ne ubana yanzu. In ya ce a yanka, a yanka."

Jama'a, ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. In na ce a'a, ina kallo za ta ruɓe. In na ce e, kuma maganar baffa ta tabbata, har in mutu za a riƙa nuna ni ana cewa ga wanda ya kai uwarsa aka yanka. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an riga an taɓa wurin da ƙarfe tun ranar ɗibar nama, ga shi makonni sun wuce bai yi fushin da ake faɗa ba. Na yi bismilla a zuciyata na ce, "Sista, ki ce mata a yi. Allah na nan."

Baffa ya yi fushi, ya ce ba da yawunsa ba. Amma ranar aikin, da na fito harabar asibiti, sai na hango shi a gindin wata bishiya da carbi a hannu, ya juya baya wai kada in gan shi.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ta sha jinya, hannun hagun ya daɗe yana kumbura, Sista tana zuwa har gida tana wanke mata ciwon tana sa ta ɗaga hannu tana bin bango da yatsu. Ciwo ya warke, amma Inna ta daina fita. Biki ba ta zuwa, suna ba ta zuwa. Ƙanwata ta ce mini ko rigar ta sa, gefe ɗaya a shafe yake, kuma ta san idon mata.

Wannan kam aikina ne. Ba zan iya auna ta ba, ba zan iya ko tayar da zancen ba. Na sa ƙanwata ta kwatanta mini da tafin hannunta, muna yi kowa yana kallon gefe. Na yanka sabuwar riga, ba ado ko ɗaya, na yi mata aljihu ta ciki a gefen hagu, na cusa auduga na daidaita, na ɓata na sake har ya zauna. Na naɗe na ba ƙanwata, ban haɗa da saƙon komai ba.

Ba a ce mini an gani ba, ba a ce an gode ba. Sai ranar sunan 'yar maƙwabtanmu, ina zaune a zaure, na ga Inna ta fito da rigar, ta yafa mayafi a kafaɗa, ta wuce ni tana kallon gabanta kamar ba ta san da mutum a wurin ba. Na bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan na shiga bayan ƙofa na yi kukana.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ta ga aurena, ta goyi 'ya'yana, su kam tana kiran sunansu har da na tsokana. Daga baya ciwon ya dawo ta ƙashin baya, kamar yadda likitan ya ce yana iya yi, kuma shi ne ajalinta.

Yanzu in jikokina suna ba ni labarin likitocin daji na zamani, wai ga na'urar hasken nan ta zo, ga magungunan da ake sawa ta jijiya, ga mata likitoci da mace za ta buɗe wa jikinta ba fargaba, wani lokaci ma ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar maman, sai in ce Allah ya ƙara musu basira. Amma har gobe ina jin ana cewa daji ba ya son allura, ana ɓoye ciwo a ɗaka sai ya ci ƙarfin mutum. Don Allah ku riƙa lura da iyayenku mata. Ba duka ne za su iya buɗe baki su gaya muku ba, wata sai dai ta aiko a ɗinka mata riga mai faɗi.

Bayan an yi sadakar bakwai, ƙanwata ta kawo mini wani ƙunshi. Rigar ce, ta koɗe, audugar ta dunƙule saboda wanki. Ta ce Inna ce ta ba ta tun tana iya magana, ta ce, "Ki mayar wa telan nan kayansa. Ki ce masa ya rufa mini asiri, Allah ya yi masa albarka."

Har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma wallahi ban taɓa jin an rage ni da komai ba.