Tagar Kawu Ɗahiru

Ku da kuka san Ƙofar Kwaya kun san ba a wuce lungunmu da safe ba a tsaya gaban tagar Kawu Ɗahiru ba. Tun da ƙafafunsa suka ƙi, nan ya mayar majalisa. Da an sallame asuba sai ka ji ƙwas, ya tura ƙyauren katakon da sandarsa, ya zuro hannu waje. Mai kai yara makaranta, ɗan acaɓa, ma'aikacin da ya makara, kowa sai ya ba shi hannu, ya kuma faɗi yadda mutanen gidansa suka kwana, ɗaya bayan ɗaya. Ni Sagir, ɗan ƙanwarsa da ya riƙe, na sha jin kunyar wannan tare hanya.

Tagar kuwa gara ta gama da ita. Waya ce da tsumma ke riƙe da ita. Ran nan ƙyaure ɗaya ya ɓalle ya faɗo lungu, saura kaɗan ya sauka a kan Iya mai koko. Ta saki ludayi tana salati, muka fito a guje.

Na ce, "Kawu, ka ga abin da nake faɗa? Yau da ta kashe mutum!"

Ko a jikinsa. "Yo mi ta yi? Shekara arba'in tana tsaye, don ta sauka ta huta sau guda shi ne za ku tara mata jama'a?"

Iya ce ma ta ɗauko ƙyauren ta miƙa masa tana ba shi haƙuri.

Damina ta matso, na ce ba zai yiwu ba. Na ɗauko wani mai haɗa tagogin alminiyom, ya zo da samfur a bayan Keke Napep, da hotuna fal waya. Mutumin nan ya yi bayani har ya yi gumi: wannan zugewa ake yi, wannan tana da ragar sauro, wannan ba ta tsatsa. Kawu ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya kasa kunne kamar mai sayen tukunya.

"In ta tsuhwa, a iya hura wuta da ita?"

"Wuta kuma, Alhaji?"

"Ta katako ko ta mutu ta dahwa maka tuwo. Wagga hwa?"

Sai ya hango sandunan ƙarfen da ake sa wa taga don ɓarayi. Kafin mu ankara ya cusa hannu tsakaninsu, wai zai gwada ko musabaha za ta yiwu. Hannu ya shiga har gwiwa, ya ƙi fita! Innalillahi! Muka ja, ya yi ƙara. Sai da matata ta kawo man gyaɗa aka shafe shi. Yana fita ya dubi man da ke ɗiga, ya dubi mai tagar.

"Ka gani? Ba a ma sa ta ba ta hwara ci mani mai."

Mutumin ya kwashi kayansa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

To, a nan na yi wautata. Aka kwantar da Kawu asibiti mako guda, na ce dama ta samu. Na zaɓi wadda ta fi kowacce tsada, mai baƙin gilashin nan da kana ciki kana ganin waje, na waje kuwa fuskarsa kawai yake gani. Ga raga, ga ƙarfe, ga ɗan makullin da ni kaina sai na sa yatsa biyu. Ban tsaya na yi tunanin sanda ba ta zuge gilashi ba, balle hannun Kawu mai rawa. Da muka dawo da shi ina ta washe baki, ina jiran sa albarka. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce a gyara masa filo.

Lungu kuwa ya samu madubi kyauta. Masu gyara hula, masu gyara ɗaurin ɗankwali, kowa ya tsaya. Har Malam Isa, ladanin masallacinmu, ya ƙura fuska yana sakace. Sai ya ji murya daga cikin bango: "Na sama, Malam, ɓangaren hagu!" Malam Isa ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya, ya ce bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Muka sha dariya. A rana ta huɗu na dawo daga aiki na tarar da rami a bango. Ba gilashi, ba raga, ba ƙarfe. Kawu ya aika an kira mai walda ya yanke komai, an jingine a zaure. Ga hadari ya haɗo ta gabas. Raina ya ɓaci, na shiga ina faɗa, har na manta da wa nake magana.

Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Kwana ukku, Sagiru, ba wanda ya ce mani ina kwana. Ina ganin kowa, ba mai gani na. Wanga zama na kabari ne, ni kau ban kai can ba tukuna."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Muka toshe ramin da buhu, washegari na je wurin kafinta da kaina, na ce ta katako nake so, mai ƙyaure biyu, mai buɗewa waje. Wata bakwai ya yi da ita.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗahiru, ya yafe mini waɗannan kwana ukun. Allah ya yalwata masa makwanci, ya buɗe masa taga ta Aljanna, kada ya bar shi shi kaɗai. Amin.