Jakuna Ɗari na Kakana

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas aka zube mu a Abuja, na fi kowa murna a ofis. Abokan aikina na ƙorafin an kawo su daji, ni kuwa ina bugun ƙirji cewa gida na dawo. Kakana, bayan ya komo daga Kumasi, a Tungan Maje ya zauna har ya rasu. Wannan gaskiya ne. Jakuna ɗari da na ce ya dawo da su ɗauke da goro, ni na ƙara, kuma da na faɗa sau biyar sai ni ma na yarda.

Wata Asabar na zuba babbar riga, na ɗauki sabon littafi da biro biyu, na hau motar Zuba. Tarihin gidanmu zan rubuta. A Tungan Maje aka yi ta tura ni daga wannan gida zuwa wancan, har aka kai ni wurin wata tsohuwa 'yar Gbagyi tana ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro.

Na gaishe ta, na faɗi sunan kakana. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai jikan wanzami ne?"

"A'a, Mama, attajirin goro."

"Wanzami dai. Kunnenka ma irin nasa."

Ta ce ayarin fatake ya bi yana yi musu aski, ya shekara goma sha ɗaya a can Kumasi. Da labari ya iske shi mahaifiyarsa ba lafiya, ya kamo hanya da ƙafa. A nan Tungan Maje ya haɗu da wani ɗan garinsu, ya ji ashe an riga an binne ta. Sai ya ajiye zabirarsa ta aski, bai ƙara gaba ba.

Na yi ƙasa da murya. "Jakunan fa, Mama?"

Dariya ta kama ta har gyaɗa ta zube. "Jaki ɗaya na taɓa gani, shi ma na maƙwabci ne." Ta juya ta nuna mini tabon ƙaho a wuyanta, ta ce da hannunsa ya yi mata, ciwon kai bai sake dawowa ba.

Ta raka ni bayan wata gonar doya inda kabarin kakana yake. Na durƙusa na yi addu'a, laka ta ɓata mini riga har gwiwa. Layi uku kacal na rubuta a littafin.

Ranar Litinin na aika wa mahaifina doguwar wasiƙa, ina ba shi labari kamar wanda ya tono zinariya. Bayan sati uku amsa ta zo: "Askarsa tana cikin akwatina tun kafin a haife ka. Da ka tambaye ni, da ba ka ɓata rigarka ba."