Yammacin da Laminu ya ɗora hannu a kan jita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Laminu, tara kuma da yammacin Lahadin da ya yi mana waƙa a ofishina na unguwar Morrisania. Abin da aka zuba a ranar ba shi da yawa: kujera talatin da biyu da na aro, waƙa tara da ya shirya, da Alhaji Tanimu, wanda a lokacin cikin kowace mota goma da nake lodawa zuwa Kwatano, shida tasa ce. Ni dillalin motoci ne, da hannuna na tayar da wurin, kuma na san abin da rasa mutum irin wannan yake nufi.

Laminu tela ne, mutumin Maraɗi. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Highbridge farkon zuwanmu ƙasar nan, ni ina wankin mota, shi yana ɗinki a shagon wani Basanagale. Yana da tsohuwar jita, kuma shi yake tsara waƙoƙinsa. Ba ya yabon kowa. Yakan yi waƙa a kan ƙarar bututun ɗumama ɗaki da sanyin hunturu, ko a kan hawan tudun unguwarmu da ledar cefane. Daga baya Turawa suka riƙa kiransa ƙananan gidajen shayi a Brooklyn, su zauna tsit, su yi tafi, ba tare da sun ji kalma ɗaya ba. Wannan ya dame shi. Ya ce mini yana so ko sau ɗaya ya yi wa mutanen da ke jin abin da yake faɗa.

Na ba shi ofishina. Ya kafa sharaɗi uku: ba liƙi, ba ambaton sunan kowa, ba ɗaga waya don ɗaukar bidiyo. Na ce masa to, irin "to" ɗin da muke cewa a kasuwa kafin a fara ciniki na gaske. A tunanina kowane mawaƙi haka yake faɗa sai ya ga sababbin daloli. Don haka na je har gida na gayyaci Alhaji Tanimu, na kuma nuna masa cewa za a sa shi a waƙa. Na rubuta sunan mahaifinsa da garinsu a takarda, na damƙa wa Laminu kafin a fara. Ya karanta, ya dube ni, ya ce Bakano ba zai taɓa shiryuwa ba, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na ɗauka ya karɓa.

Bayan La'asar aka fara. Babu lasifika, babu makaɗi, shi kaɗai a kan kujerar da nake zaunar da masu sayen mota. Alhaji yana sahun gaba da mutanensa uku. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu, har ta huɗu, ba a kira shi ba. A ta biyar ya gaji da jira. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya fara manna wa Laminu dala a goshi, yadda kowa ya san ana yi don a tuna wa mawaƙi aikinsa.

Laminu ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, sautin ya mutu. Cikin ladabi ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Don Allah zauna, ba mu kai inda uwar cikin waƙar take magana ba."

Alhaji bai zauna ba. Ya juyo ya dube ni, ni kaɗai, ya fita, mutanensa suka bi shi. Laminu ya tsince kuɗin ya ajiye a kan teburina, ya koma farkon baitin. Mutum ashirin da takwas suka rage. An ce wata Hajiya 'yar Kumasi da ta taho tun daga unguwar Park Hill ta yi ta share hawaye da gefen mayafi har aka tashi.

Alhaji bai ƙara sayen ko taya a wurina ba. Kafin shekara ta zagayo sai da na saki rabin filin da nake ajiye motoci. Wata takwas ban yi wa Laminu magana ba. Shi kuwa da ƙaramar Sallah ta zo ya ɗinka mini kaya kamar kullum, ya kawo da kansa. Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce mutum biyu na yi wa ƙarya, shi da Alhaji, kuma a cikinmu uku Alhaji ne kaɗai ya yi abin da aka gaya masa za a yi. Muka ci tuwo, maganar ta mutu. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciwon hanta ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai ka tashi ka yi liƙi ba. Daga kan gadonka za ka tura sunanka da na kakanka ta waya, kafin Magariba an aiko maka da waƙarka. A bikin suna ba ka ganin fuskar mawaƙi sai bayan wayoyi. Ina jin ba zai yi fushi ba, don shi ba mai wa'azi ba ne. Zai ce "bon", wato "to" ɗinsu na Maraɗi, ya ɗaga kafaɗa, ya nemi wani ƙaramin ɗaki. Abin da ban sani ba shi ne ko zai sami mutum ashirin da takwas da za su iya zama awa guda hannuwansu a kan cinya. Wataƙila zai samu. Har yanzu akwai waɗanda in mun haɗu a masallaci suke tambayata ko na tuna ranar.

Bara 'yarsa Rahila, wadda yanzu take aikin jinya, ta zo ofis. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Ta ce an gaya mata a nan babanta ya yi waƙa, kuma ba wanda ya ɗauka a waya. Tana so in faɗa mata abin da uwar ta ce a waƙar nan ta biyar.

Waƙa huɗu na farko fuskar Alhaji nake kallo, sauran kuma ƙofa nake kallo, ko zai dawo. Na tura ta wurin Hajiyar Park Hill.

Cinikin da na rasa, cikin shekara uku na mayar da gurbinsa da wasu masu saye, filin ma na karɓo shi. Wannan asara ta rufe. Amma abokina ya yi wa mutanensa waƙa sau ɗaya tak a rayuwarsa, a ɗakina, taku uku daga inda nake tsaye, ban ji ba. Allah ya jiƙan Laminu, ya sa ya huta.