Motar da Maigidana Ya Ƙara wa Tsawo

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, kowa a Tudun Wada ya sayi abin da ya daɗe yana ƙwallafa rai a kansa. Maƙwabcinmu ya sayi babur, wani ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Maigidana, wanda a lokacin malamin gona ne, ya tafi Kano da cewa zai sayo mini keken ɗinki. Bayan kwana uku ya dawo da wata tsohuwar jif da ya samu a gwanjon motocin ma'aikata, koriya wadda rana ta dafe, sitiyarinta a dama irin na kafin a canja hannun tuƙi a ƙasar nan. Da na tambayi keke, ya ce ai wannan ma tamu ce mu biyu.

Gaskiya motar ba ta da laifi. Tana tashi da safe, tana tafiya, in an taka birki tana tsayawa. Rashin sa'arta ɗaya ne: ta faɗa hannun mutumin da ba zai bar ta yadda Allah ya nufe ta ba.

A bayan tasha akwai wani bakanike da ya taɓa aiki wajen masu haƙar kuza a Riruwai, mutumin da bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Shi ya fara sa wa Malam, wato maigidan nawa, a kai cewa motar ta yi ƙasa, in damina ta yi nisa cikinta zai riƙa taɓa laka. Aka samo sifirin na wata mota mai ɗaukar kaya da ta mutu, aka ƙara mata a ƙafa huɗu. Da ta ɗaga, sai tayoyinta suka zama kamar na keke a ƙarƙashin rumbu, don haka aka nemo manya masu haƙora. Manyan suka ƙi shiga gurbinsu, sai aka kira mai walda ya yanke gefen jikin motar. Daga nan kuma abu ya buɗe. Aka cire bambar gaba aka sa wani ƙarfe mai kaurin cinya. Aka ɗora kariyar ɗaukar kaya a sama. Aka jera fitilu huɗu a goshi, ga mutumin da ba ya wuce magariba a waje. Salansa aka lanƙwaso ta ta gefen ƙofa ta miƙe sama kamar ta tarakta, wai don kada ruwa ya shiga in ana ƙetare kogi. A gaba kuma aka ɗaura wani ƙarfe mai naɗe igiyar waya, ana juya shi da hannu, wai in mota ta maƙale sai a ɗaura a bishiya ta ja kanta ta fito.

Kujerar baya ita ce ta ƙarshe. Ya cire ta don a samu wurin taya biyu na ko-ta-kwana da jarkoki da shebur. Na ce to yara fa? Ya ce yara suna da ƙafa.

Ofishinsa bai kai nisan kasuwa daga gidanmu ba. Da can da ƙafa yake zuwa, yana gaisawa da mutane a hanya. Yanzu sai ya tashi tun da sanyin safiya ya ɗumama inji, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa tayoyi da ɗan yatsa, ya hau, ya yi ta kokawa da sitiyarin da ya yi nauyi, ya isa bayan masinja ya gama shara. Ni kuwa in zan shiga sai an kifa mini turmi na taka. Ranar da aka manta turmin a gida, a gaban 'yan kasuwa ya tallabe ni kamar buhun gero, zanina ya yage har gwiwa. Sifirin ɗin nan kuma ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kowane dutse sai ya sanar da kai ta ƙashin bayanka. Na taɓa sayo nono a ƙwarya ranar kasuwa, kafin mu iso gida ya fara fid da mai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wannan shiri don daji aka yi shi, amma motar ba ta taɓa shiga daji ba. Damina guda ta wuce, in aikin duba gonaki ya kama shi zuwa ƙauyukan Doguwa, sai ya ari babur ɗin maƙwabci, domin laka tana ɓata fenti. In wani ya zo roƙon a kai masa mara lafiya asibiti a Kano, sai a tarar an kwance kafireto ana gyara mata murya. Ranar kasuwa kuwa lafiyarta lau. Yakan ajiye ta inda kowa zai gani, ya jingina da ƙofa yana yi wa mutane bayanin irin tsaunin da za ta iya hawa, su kuwa suna gyaɗa kai suna cin rake.

A damina ta biyu yayarsa da ke aure a Riruwai ta haihu, aka aiko da ranar suna. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce a sa ta a motar haya kamar kullum. Malam ya ce abin kunya ne ɗa yana da mota uwarsa ta hau ta haya. Muka bar yara wajen ƙanwata. Kayan barka duk aka ɗora su a kan kariya: buhun gero, kanwa, garwar man gyaɗa, kayan yaji, da akwatin Inna na ƙarfe wanda ba ta tafiya ba tare da shi ba. Mu uku muka matsu a gaba, Inna a tsakiya, sandar giya tana bugun gwiwarta.

Har muka wuce Doguwa ba abin da ya faru sai jijjiga. Can gaba, inda hanya take yin kwana ta zagaye wani dutse, Malam ya rage gudu ya nuna wata 'yar turba da ta ratsa ta cikin ciyawa. Ya ce bakaniken nan ya gaya masa ita masu kuza suke bi a da, tana rage tafiya da rabi. Inna ta tambaye shi ko ya taɓa bin ta. Ya ce bai taɓa ba, amma don irinta aka gyara motar.

Da farko ta ba shi gaskiya. Ta tattake ciyawa, ta haye wasu duwatsu, ta ratsa wani kududdufi ruwa yana fallatsa har gilashi. Malam yana ta waiwayowa ya ga ko mun gani. Sai muka iso wani rafi wanda bai kai gwiwa ba, mata huɗu suna tsaye a ciki suna wanke kuza da ƙorai. Gangaren da ke sauka zuwa rafin a karkace yake, ruwa ya cinye gefe ɗaya. Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga hannu tana nuna mana can ƙasa, inda jakuna suke bi. Malam ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mata hannu shi ma, ya sa ƙaramar giya.

Ba da ƙarfi ta faɗi ba. Na ji tayoyin gefena sun bar ƙasa, na ji akwatin Inna ya zame a sama, sannan motar ta yi ɗan tunani, ta kwanta a gefen direba a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi. Malam yana ƙasa, Inna a kansa, ni a kan Inna. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Man gyaɗa ya fara tsiyaya ta tagar sama yana ɗiga mana a ka.

Ba wanda ya ji ciwo sai Malam da ya daki kafaɗa. Matan nan ne suka hau kan motar suka buɗe ƙofa kamar murfin rijiya, suka zaro ni, suka zaro Inna. Inna ta zauna a kan dutse ta gyara ɗankwalinta, ta gama salatinta tsaf, sannan ta dubi ɗanta yana fitowa da mai a gemu.

Ta ce, "Sannu da hanzari. Wannan ce hanyar da take rage tafiya?"

Ya je gaban motar ya warware igiyar wayar nan, domin ranarta ta zo. Bishiya mafi kusa wani ɗan kalgo ne. Ya ɗaura, ya juya hannun ƙarfen har gumi ya jiƙa masa riga. Motar ba ta motsa ba, kalgon ne ya tuge da saiwarsa ya taho wajenta. Matan suka juya baya suna wanke kuzarsu, kafaɗunsu suna rawa.

Ɗaya daga cikinsu ce ta tafi rugar da ke bayan tsauni ta zo da wani dattijo Bafulatani da bijimai biyu, da wasu maza daga ramin haƙa. Dattijon ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya yana duban sifirin ɗin da ke sama yanzu kowa yana gani. Ya tambayi Malam cikin ladabi ko haka aka haife ta. Malam ya fara bayanin amfanin tsawo a cikin laka. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce to madalla, sannan ya ce a sauke komai daga sama a ɗaura igiya. Bijiman suka ja, maza suka tura, ta tashi tsaye. Amma mai ya shiga inda bai kamata ba, sai da aka kwance fulogi aka goge, aka yi ta turawa har la'asar kafin ta kama, tana fid da hayaƙi fari ta salansar nan tata mai kallon sama.

Muka koma baya muka bi hanyar da kowa yake bi. Mun shiga Riruwai ana wanke tukwane. An raɗa suna, an ci rago, baƙi sun watse. Motar hayar da Inna ta so shiga tun hantsi ta sauke fasinja, har ta juya. Geron ya jiƙe a rafin, kanwa ta narke, yayar Malam ta karɓi abin da ya rage na man gyaɗa a gindin garwa ta yi godiya kamar cikakkiya ce.

Bayan kwana biyu Inna ta hau bayan motar masara ta koma gida. Da Malam ya bi ta tasha yana roƙo, ta ce masa ta riga ta hau tasa, ta kuma ga yadda ake sauka.

Bai sayar da motar nan da nan ba, sai da ya ƙara shekara yana cewa laifin lodi ne. Daga baya wani mai fataucin kifi daga cikin mutanen da ruwan Tiga ya tasa ya saye ta. Labarin rafin kuwa ya zauna a bakin Malam har ya tsufa, kuma kowace shekara ruwan yana ƙaruwa. Ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, har aka kai lokacin da igiyar ruwa ce ta kifar da mu, shi kuma ya fito da mahaifiyarsa a kafaɗa. Ban taɓa gyara masa a gaban mutane ba. Sau ɗaya kawai, ranar da yake ba wa surukinmu sabon ango labarin, na shigo da abinci daidai inda ruwa ya shanye boneti. Na ajiye kwano na tambaye shi, matan nan masu wankin kuza, a tsaye suke ko iyo suke yi?

Ya ce a kawo ruwan wanke hannu.